TSOHON BABUR: YADDA AKE GANO CIWONSA A KUMA GYARA SHI A GIDA

Duk wanda ya tsaya da sassafe a bakin babbar hanyar da ta taso daga Mokwa, ta ratsa Kontagora, ta nufi Yawuri, zai ga babura sun fi kowane irin abin hawa yawa. Waɗansu sun fito daga wajen Rijau, waɗansu daga Mariga ko Tegina, an ɗora musu buhunan masara da dawa, ko itace, ko kuwa mace mai naƙuda da ake hanzarin kaiwa asibiti. Yawancinsu ba sababbi ba ne, har akwai waɗanda suka girmi masu tuƙa su. A wannan yanki na Jihar Neja ƙauyuka suna da nisa da juna, hanyoyin cikin daji kuwa ba kowace mota ke iya bin su da damina ba. Saboda haka ranar da babur ya ƙi tashi, amfanin gona ba ya isa kasuwa, marar lafiya kuma ba ya isa wurin magani a kan kari.

Babura sun fara yawaita a hannun talakawan ƙasar nan ne tun shekarar 1975, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan da aka fi sani da Udoji. Malaman makaranta da akawuna da malaman gona suka sayi Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa, har kamfanin Honda ya kafa ma'aikatarsa a Ota ta Jihar Ogun a 1979. Daga 1986, da darajar naira ta fara faɗuwa, sabon babur na Japan ya gagari mutane da yawa, daga baya Jincheng na ƙasar Sin da Bajaj na Indiya suka cike gurbin. A 2021 Gwamnatin Jihar Neja ta sa takunkumi a kan sayar da waɗansu irin babura saboda ɓarnar 'yan fashin daji, a watan Mayu na 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin komai ya tashi, har da kayan gyara. Mai tsohon babur a yau yana riƙe da dukiyar da ba lalle ne ya iya maye gurbinta ba idan ta lalace.

Abin takaici shi ne, yawancin ɓarnar da ake yi wa tsofaffin babura ba hanya ke yin ta ba, masu su ne da hannuwansu. Babur ya ƙi tashi, sai mai shi ya ɗauko sifana ya kwance kafireta, ya taɓa wayoyi, ya sayo sabon kwayil, alhali kuwa abin da ya faru duka bai wuce ruwa ya shiga tanki ba. Kafin la'asar ciwo ɗaya ya zama uku. Manufar wannan darasi ita ce a nuna hanyar bincike wadda ake bi daki-daki, daga abu mai sauƙi da araha zuwa mai wuya da tsada, ta yadda ba za a kwance noti ko ɗaya ba sai an san dalilin kwance shi.

Tambaya kafin sifana

Likitan kirki ba ya fara da allura, da tambaya yake farawa. Haka ya kamata mai babur ya yi wa kansa. Yaushe abin ya soma? Farat ɗaya injin ya mutu, kamar an hure fitila, ko kuwa ya yi ta tari yana shaƙewa kafin ya tsaya? Mutuwar farat ɗaya galibi ta wuta ce, mutuwa da tari kuwa galibi ta mai ce. An sha mai a wani sabon wuri jiya? An ratsa rafi, ko ruwan sama ya doki babur a waje? Wani ya taɓa wani abu a jikinsa kwanan nan? Tambayar nan ta ƙarshe ta fi sauran amfani, domin sau da yawa ciwon yana nan a wurin da hannu ya taɓa na ƙarshe.

Ya kamata kuma ya san irin injin da yake da shi. Akwai mai bugu huɗu, irin na Honda da Bajaj Boxer, wanda yake da bawul, baƙin mansa kuma yana zaune a cikin inji. Akwai mai bugu biyu, irin na Yamaha YB100 da Suzuki A100 da tsohuwar Vespa, wanda ba shi da irin wannan bawul, yana ƙona man shafawarsa tare da fetur, shi ya sa yake fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ko da lafiyarsa lau. Amma ko wane iri ne, abubuwa uku yake bukata kafin ya tashi: fetur da ya gauraya da iska, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa, da matsi a cikin bulok. Idan ukun nan sun cika, tilas inji ya tashi. Idan bai tashi ba, ɗaya daga cikinsu ya ɓace, aikin mai bincike kuwa shi ne ya gano wanne ne.

Fetur

Da fetur ake farawa, domin dubansa ba ya cin ko kwabo. A buɗe murfin tanki a girgiza babur a saurara. A duba famfon mai da ke ƙarƙashin tanki, ko yana buɗe, a kuma juya shi gefen ajiya, inda aka rubuta RES. Ba abin kunya ba ne, ƙwararrun mahaya ma sun sha tura babur mai nisa da famfo a rufe. Sa'an nan a zare tiyon da ke kai mai ga kafireta, a tara kwalba mai haske, a buɗe famfo. Idan mai ya zubo sosai, hanya a buɗe take. Idan ɗigo yake yi, to, tsatsar tanki ta toshe 'yar rariyar da ke cikin famfon, sai a kwance a wanke.

Kada a zubar da abin da ya taru a kwalbar nan, a ajiye shi ya natsa a duba. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka idan akwai shi zai kwanta a gindin kwalba, a ga layin da ya raba su sarai. Wannan ciwo ne na damina, daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, yana kuma samun waɗanda ke shan mai daga galan a bakin hanya. Maganinsa shi ne a juye tanki duka, a kuma kwance ɗan sukurun da ke gindin kafireta a tsiyaye abin da ke ciki. Idan ana zaton an gauraya man da kananzir, a ɗiga shi a kan farar takarda. Fetur mai kyau yakan bushe nan da nan, kananzir kuwa yakan bar tabon maiƙo. Ba 'yan bumburutu kaɗai ake zargi ba. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima cikin ƙasar nan, ya shiga gidajen mai, ya lalata injuna kafin hukuma ta janye shi. Duk babur da ya canza hali jim kaɗan bayan an sha mai, man ne abin tuhuma na farko.

Akwai wani ciwo mai ruɗarwa wanda ya cancanci a ambata. Babur ya tashi lafiya, ya yi tafiyar kilomita biyu ko uku, sai ya shaƙe ya mutu. Bayan an tsaya kaɗan ya sake tashi, ya sake mutuwa. Murfin tanki yana da wata 'yar ƙofa da iska ke shiga ta maye gurbin man da ya sauka. Idan ƙurar hunturu ta toshe ta, mai ba ya iya sauka, kamar yadda ruwa ba ya fita daga buta idan an toshe bakinta na sama. A buɗe murfin da zarar injin ya mutu. Idan aka ji iska ta shiga da ɗan sauti, babur kuma ya tashi, an gano ciwon, kuma tsinke ɗaya ya isa maganinsa.

Wuta

Idan mai yana isa kafireta, sai a koma ga fulogi. Fulogi shi ne tagar da ake leƙa cikin inji ta cikinta ba tare da an buɗe shi ba, kuma wanda ya iya karanta launinsa ya rage wa kansa rabin wahala. Bakin fulogi mai launin ƙasa-ƙasa, kamar shayi da madara, alama ce ta inji mai lafiya. Baƙi mai busasshen toka yana nuna mai ya yi wa iska yawa, watau an bar cok a ja, ko matacin iska ya toshe. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana haurowa inda ba wurinsa ba. Fari fat kuwa, ko wanda ya fara narkewa, shi ne mafi haɗari, domin yana nuna inji yana aiki da ƙarancin mai, yana zafi fiye da kima, in an ci gaba a haka fistin na iya hujewa. Idan an fito da shi a jiƙe da fetur bayan an yi ta buga kik, mai yana zuwa ke nan, wuta ce babu, ko kuwa man ya yi yawa ya shaƙe injin. Idan an fito da shi a bushe ƙamas, mai ne ba ya shiga.

Gwajin wuta ba shi da wuya. A mayar da fulogi cikin hularsa, a jingina ƙarfen jikinsa da ƙarfen inji, nesa da ramin da aka ciro shi, a kunna makulli a buga kik. Tartsatsi mai shuɗi mai ƙara shi ake nema. Ja ko rawaya mai rauni ba zai iya aiki a cikin matsi ba. Kada a riƙe fulogi da hannu, kada kuma a buga kik alhali bai taɓa jikin inji ba, gama wutar da ta rasa mafita tana iya ƙona kwayil ko akwatin wuta. Idan babu tartsatsi, a gwada wani fulogi wanda aka tabbata yana aiki. Wannan shi ya sa ya kamata kowane mai babur ya riƙa ajiye ɗaya a jaka. Tsakanin bakin fulogi a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ne. Lambarsa ma tana da muhimmanci: ƙananan Honda irin su C70 suna amfani da NGK C7HSA, CG125 kuwa da D8EA. Wanda ya fi ƙima tsawo yana iya dukan fistin. Wajen mayarwa, da yatsu ake fara ɗaura shi har ya zauna, sa'an nan a ƙara masa kamar rabin zagaye da sifana idan sabo ne, ƙasa da haka idan tsoho ne. Kan inji na alminiyam ne, mai taushi, wanda ya ɗaura fulogi a karkace da ƙarfi ya cinye zaren ramin, ya jawo wa kansa aikin da ba a yi a gida.

In sabon fulogi ma bai ba da wuta ba, sai a bi waya a koma baya. Hular fulogi takan tsage, ruwa ya shiga. Wayoyin makulli sukan goge a wuyan babur, inda kai ke juyawa, su taɓa ƙarfe su kashe wuta. Tsofaffin babura na shekarun 1970 da farkon 1980 suna da kwantak, watau wasu 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa suna rufewa a gefen inji. Idan fuskarsu ta ƙone ko ta yi maiƙo, a goge ta da lallausar sanfefa, a share da tsumma mai tsabta, a daidaita tsakaninsu ya zama milimita 0.3 zuwa 0.4 a inda suka fi buɗewa. A jikin faifan maganaɗisu akwai alamu biyu, F da T. Daidai lokacin da F ta zo kan alamar da ke jikin inji ya kamata kwantak ya fara buɗewa. Babura na baya-bayan nan ba su da kwantak, wani ɗan baƙin akwati mai suna CDI ke yin aikin, shi kuwa ba a gyara shi. Hanyar gwada shi ita ce a aro irinsa daga babur ɗin maƙwabci a sa. A aro kafin a saya, domin mai shago ba ya karɓar kayan wuta idan an riga an ɗaura.

Ya kamata a sani cewa yawancin ƙananan babura daga maganaɗisu suke samun wutar tashi, saboda haka mutuwar batir ba ta hana su tashi da kik. Amma irin su Honda CD175 mai bulok biyu daga batir wutarsu take fitowa, idan ya yi sanyi ba za su tashi ba ko an kwana ana bugawa. Haka nan kwayil da ya tsufa yakan yi aiki da sanyi ya ɗauke da zafi. Idan babur yana mutuwa bayan tafiyar kwata awa, a gwada tartsatsi nan take kafin injin ya huce, in ba haka ba shaidar ta gudu.

Matsi

Mai yana zuwa, wuta tana da kyau, amma shiru. Saura matsi. Ƙafar mai babur ta riga ta san amsar, domin kik da ya saba turjewa in ya koma sauka salalau, matsi ya zube. A tabbatar ta hanyar toshe ramin fulogi da babban yatsa a buga kik, makulli a kashe. Inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. Idan bai ture ba, a zuba baƙin mai kamar ƙaramin cokali ɗaya ta ramin, a sake gwadawa. In matsi ya dawo, ringi ne suka cinye, man ya toshe gibin na ɗan lokaci. In bai canza ba, ta bawul ko ta gasket iska ke tserewa.

A nan akwai abin da ya kamata a yi kafin a fid da rai. A inji mai bugu huɗu akwai ɗan tsakani da ake bari a kan kowane bawul domin ƙarfe yana kumbura da zafi. Da tsufa wannan tsakani yakan ƙare, bawul ya kasa rufewa sosai, babur ya riƙa wuyar tashi. Ana daidaita shi ne da inji mai sanyi, wanda ya kwana bai yi aiki ba. A juya faifan maganaɗisu har alamar T ta zo daidai, a zagayen da hannuwan bawul biyun suke motsi saƙwa-saƙwa, sa'an nan a auna da siririn ma'aunin ƙarfe da ake sayarwa a shagunan kayan gyara. A ƙananan Honda irin C70 da C90 milimita 0.05 ne, a CG125 kuwa 0.08. Waɗansu sukan matse bawul don su kashe 'yar ƙarar tik-tik da yake yi. Kuskure ne babba. Bawul mai 'yar ƙara yana da rai, wanda aka matse har ya yi tsit kuwa yana kan hanyar ƙonewa.

Kafireta da ƙurar hanya

Da gangan aka bar kafireta sai yanzu, domin ita ce aka fi zalunta. Ba a buɗe ta sai alamu sun nuna ta. Idan babur ba ya tsayawa a silo, sai an ja cok ko an riƙe totur, ƙaramin jet ne ya toshe. Idan yana silo lafiya amma ya shaƙe da an murɗa totur, babban jet ne. Idan fetur yana tsiyaya ta ƙasa, allurar fulot ce ba ta rufewa, sau da yawa saboda ƙwayar tsatsa guda ɗaya. A shimfiɗa farin tsumma a kan tire, a jera kowane abu bisa ga yadda aka ciro shi. A wanke da fetur mai tsabta, a hure ramukan jet da famfon keke, a ɗaga su sama a ga haske ya ratsa. Kada a zura musu allura ko wayar ƙarfe. Tagulla ce mai taushi, ramin kuma an auna shi ne daidai, da ya faɗaɗa kaɗan babur ya zama mashayin mai har abada. Sukurun iska kuwa, a mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, a dawo da shi kamar zagaye ɗaya da rabi, daga nan a daidaita bayan inji ya yi ɗumi. A duba kuma robar da ta haɗa kafireta da inji. Idan ta tsage, iska tana satar hanya, silo ya riƙa hawa shi kaɗai, fulogi ya yi fari.

Kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur, yana shaƙar iska wajen lita 9,000. Wanda ya taɓa bin hanyar Rijau a watan Janairu a bayan babbar mota ya san abin da ke cikin wannan iska. Matacin iska ne kaɗai ke tsakanin wannan ƙura da fistin. Duk da haka akan sami masu cire shi su yar, wai don babur ya ƙara gudu. Ƙurar da ta shiga takan haɗu da baƙin mai ta zama kamar sanfefa, ta cinye ringi da bulok cikin 'yan watanni. Idan matacin na soso ne, a wanke shi da kananzir ko ruwan sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a shafa masa baƙin mai kaɗan a matse. Idan na takarda ne, ba a wanke shi, ba a shafa masa mai, kaɗe shi ake yi, in ya gaji a sake. Da hunturu kowane mako ya kamata a duba.

Inji mai bugu biyu yana da nasa hali. Idan ƙarfinsa ya ragu a hankali, sautinsa ya dushe, galibi baƙin gawayi ne ya toshe mafitar hayaƙi da cikin salansa, sai a kwance a kankare. Yamaha da Suzuki suna da ƙaramin tanki na man shafawa da famfon da ke aunawa da kansa. Idan tankin nan ya ƙafe, inji yana kamewa ba tare da gargaɗi ba. Waɗansu sukan kashe famfon su koma zuba man a cikin fetur, amma a waɗansu injunan Suzuki famfon kai tsaye yake shayar da boris, kashe shi kuwa kashe boris ne. Vespa da ake gauraya mata da hannu, yawancinsu kashi 2 cikin 100 suke bukata, watau mililita 20 a kowace lita, kuma man da aka yi domin bugu biyu, ba ragowar baƙin man mota ba.

Abubuwan da ke riƙe da rai

Inji in ya lalace tsayawa yake yi. Sarƙa da birki da taya in sun lalace, kayar da mutum suke yi. A tsakiyar sarƙa ya kamata a sami motsi sama da ƙasa na santimita 2 zuwa 3. Mai sako-sako tana iya sauka ta cije taya, mai tauri kuwa tana cin boris. Idan haƙoran faifanta sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙaya, a sake su tare da sarƙar gaba ɗaya, domin tsohon haƙori yana cinye sabuwar sarƙa. 'Yar maƙallar da ke haɗa sarƙa, rufaffen kanta ne ke fuskantar inda sarƙar take tafiya. Idan inji yana kuka amma babur ba ya ja, kuloci ne ke sulɓi. A fara duba wayarsa, a bar wa hannun wasa na santimita 1 zuwa 2 a ƙarshensa, a kuma tuna ko an zuba baƙin man mota mai santsi, domin kulocin babur a cikin mai yake aiki. Galan mai alamar JASO MA shi aka yi domin wannan.

Takalmin birki da mai ya taɓa ba ya wankuwa, sauyawa ake yi. Ƙurar cikin gangar birki kuwa kada a hure ta da baki, a share da jiƙaƙƙen tsumma, gama tsofaffin takalma suna iya ƙunsar asbestos mai cutar da huhu. Batir mai bol 12 in ya cika yakan nuna 12.6 a ma'auni, mai bol 6 kuwa 6.3. Idan ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Babur da ke yawan ƙona ƙwan fitila, a duba batir da wayar da ke haɗe da jikin ƙarfe kafin a sayi wani ƙwan. Fis da ya ƙone yana faɗin cewa waya ta goge a wani wuri ne. Wanda ya naɗa takardar sigari ko waya a madadinsa ya cire mai gadi ya bar ɓarawo a ɗaka, kuma a ƙarƙashin tankin fetur.

Gyaran gida yana da haɗarin da gareji ba shi da shi, domin a gida akwai murhu, akwai yara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da wuta daga nesa. Saboda haka a yi aiki a fili, nesa da madafa, ba da fitilar aci-balbal ba, ba da taba a baki ba. Kada a bar inji yana aiki a cikin zaure ko shago a rufe, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda ke sumar da mutum kafin ya farga. Kada a zuba fetur ko ruwan batir a kwalbar lemo a ajiye inda yaro zai kai hannu, kada kuma a zuƙo mai da baki ta tiyo.

Akwai iyakar da mai hankali ba ya ƙetarewa. Raba inji biyu, da yashe bulok, da gyaran karanshaf, da miƙe ƙafafun gaba da suka lanƙwashe, da walda a jikin tanki, duka aikin masu kayan aiki ne, kuma akwai su a Kontagora da Minna da sauran manyan garuruwa. Idan aka ji ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma a cikin tukunya, a kashe shi nan take, a ɗora shi a mota. Amma wanda ya bi matakan da aka bayyana ba zai je wa bakanike hannu rabbana ba. Zai iya cewa: “Malam, mai yana zuwa, wuta tana da kyau, na zuba baƙin mai matsi ya dawo, ina zaton ringi ne.” Mai irin wannan bayani ba a sayar masa da abin da ba ya bukata. Ya nemi a ba shi tsofaffin kayan da aka cire, idan kuma an sauya inji ɗungum ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, ya haɗa da takardun babur, domin a yankin da jami'an tsaro ke bincikar babura a kan hanya, lambar da ba ta dace da takarda ba tana iya kai mutum inda bai nufa ba.

Bayan kowane gyara, kafin a ɗora kaya ko a ɗauki mutum, a bi notocin da aka taɓa ɗaya bayan ɗaya, musamman na gatarin taya da na sandar birkin baya. A tsayar da babur a miƙe a duba baƙin mai. A murɗa totur a sake shi a ga ya koma da kansa, a juya kai dama da hagu a ji ko silo ya canza. Sa'an nan a sa hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sawa a ko'ina cikin ƙasa tun ranar 1 ga Janairu, 2009, a zagaya unguwa a hankali, a gwada birkin gaba da na baya, a dawo a leƙa ƙarƙashin inji a ga ko akwai abin da ke ɗiga.